Gwiwar da Ta Gaida Suruki

Ƙunshin auduga ne ya faɗo mini a gwiwar dama, a shekarun da suka gabaci yaƙi, lokacin ina dako a wani mahlaj kusa da Hajj Abdalla, inda ake gurzar auduga a matse ta a ɗaure da ƙarfe. Muna loda babbar mota igiya ta kuɓuce wa na sama, ni kuma ina ƙasa ina kallon wata mai tallan gyaɗa, Allah Ya yafe mini. Aka kai ni asibiti a Madani, aka tsaga, aka sa ƙarfe, aka ɗinke. Da za a sallame ni likita ya ce kada in lanƙwasa ƙafar fiye da zaman kujera, kada kuma in ɗauki abin da ya fi buta nauyi. Ni kuwa ban da ɗaukar kaya ban iya komai ba. Ba ni da hawasha, wato gonar noman ban ruwa, ko ta aro, kuma matata da yaranmu da tsohuwata duk daga gadon bayana suke ci.

A garinmu idan mutum ya kwanta ciwo ba a barin sa ya huta. Tun da hantsi ake shigowa dubiya, kowa ya zauna ya ce ya jiki, kai kuma ka ce Alhamdu lillahi, da sauƙi. Babu wata amsa bayan wannan. Na san mutumin da ya ce da sauƙi da hantsi, aka yi masa salla da la'asar, kuma babu wanda ya ce ya yi ƙarya. Haka na kwanta a kan angareb, gadon nan namu na igiya, ina raba sauƙi ga duk wanda ya shigo, ƙafa ta kumbura kamar tulu.

Cikin masu dubiya har da rayis ɗinmu, wato shugaban 'yan dako na mahlaj. Balarabe ne, mutumin kirki, ya zo da sukari da lemo. Ganin ya taho daga nesa, ya kuma kashe kuɗinsa, sai na ga bai kamata in ba shi sauƙi irin na kowa ba. Na ce masa na warke sarai, kamar ma ban taɓa karyewa ba, kwanciyar nan lalaci ne kawai. Ya yi murna ƙwarai. Ya koma ya faɗa wa kamfani abin da na ce, bai ƙara ko harafi ɗaya ba. Ba a jima ba suka tsayar da ɗan abin da suke aiko mini, suka ce tunda na warke in koma bakin aiki, in ba haka ba sun ɗauka ni na bar aikin da kaina.

Taubashina, ɗan kawuna, shi ya cece ni daga zama ina kallon rufin ɗaki. Yana tuƙa raksha, keken hayar nan mai taya uku, a Madani, kuma tun muna yara bai taɓa kira na da wani abu mai daɗi ba. Ya zo ya ji labari, ya yi dariya har ya kwanta a tabarma, ya ce bai taɓa ganin wanda ya sayar da ƙafa guda a kan lemo ba. Da ya gama ya ce akwai wata lauya da yake kaiwa kotu wani lokaci, masu ƙaramin ƙarfi take tsayawa wa, irin waɗanda inji ya cinye wa yatsu ko bango ya faɗo wa, kuma ba ta karɓar komai sai an ci shari'a.

Ofishinta a saman wani shagon fanka yake, kusa da kasuwa, sai da taubashina ya goye ni muka hau. Ustaza kowa ke ce mata. Yarinya ce a kanmu, da gilashi da farin tob, lafayar da mata ke naɗawa. Ta ce kakarta Bahaushiya ce daga wajen Rusairis, amma ita Hausarta ba ta wuce gaisuwa da sunayen abinci ba, sai wasu zage-zage da ta gada daga tsohuwar. Saboda haka da Larabci muka yi magana. Ta ce doka ta ba wanda ya ji rauni a bakin aiki diyya, ba roƙo ba ne, ba kuma sadaka ba. Amma sai an kai ni gaban komsiyon, wato likitocin hukuma da ke zama su duba mutum su rubuta yawan abin da ya rasa na jikinsa, kuma a kan abin da suka rubuta ake biya. In sun rubuta gwiwa lafiya lau, to magana ta mutu. Daga nan ta ɗauki biro ta tambaye ni yadda ƙafar take.

Na ce Alhamdu lillahi, da sauƙi.

Ta ajiye biron. Ta sake tambaya ta wata hanya, ko ina iya barci, ko ina iya zagawa bayan gida ni kaɗai, ko ina salla a tsaye. Duk na gode wa Allah. Ta dubi taubashina, shi kuma ya ce mata haka muke, in ta tsaya sai ta ji ya yi wa ƙunshin audugar godiya. Ta cire gilashin ta murza idanu.

"Ya hajj, ban ce ka yi ƙarya ba. In ka ƙara ko kaɗan a kan abin da kake ji, ni da kaina zan ajiye shari'arka. Gaskiya kawai nake so ka faɗa."

Na ce ai gaskiyar ce ke da wuya. Ta ce to in je gida in koya, akwai sauran lokaci kafin a kira mu.

Kafin in fara sai da na je wurin limaminmu, don ina tsoron kada in sayi diyya da butulci. Ya ce faɗa wa likita inda ke ciwo ba kai ƙarar Ubangiji ba ne, halal ne, wani lokaci ma wajibi. Na ji daɗi. Da zan tashi na tambaye shi idonsa na hagu, wanda kowa ya san ya daɗe da mutuwa, ya ce da sauƙi sosai.

Duk ranar da taubashina ya zo gida sai mu zauna ƙarƙashin darbejiya bayan la'asar a yi mini darasi. Shi ne likita. Yakan rataya guntun tiyo a wuya, ya ɗaure fuska, ya ce da Larabcin manya, ina ke maka ciwo. Da ƙyar na kai ga cewa gwiwa. Bayan wasu makonni na iya cewa tana ciwo, amma bakina da kansa yake ƙarasawa da "sai dai an gode Allah, ya fi jiya". Sai ya maka mini tiyon a ka, ya ce bawa, wa ya tambaye ka jiya. Matata tana bayan zana tana tankaɗe, ina jin rariyar tana tsayawa in dariya ta ci ƙarfinta.

A wurin akuyarmu na fara samun nasara. Wata rana kowa ya fita, ta zo tana cin ɓawon lemo kusa da angareb, ta ɗago ta dube ni da idanun nan nata marasa kunya, sai kawai na ji ina gaya mata komai. Na ce mata in sanyin asuba ya sauko ƙarfen nan kamar ana hura shi da wuta yake. Na ce mata a zaune nake salla kamar tsohuwa, kuma ina jin kunyar ɗana ya ga uwarsa tana kama ni zuwa bayan gida. Na ce ina tsoron ranar da buhun dawa zai ƙare. Ta saurara har ta gama ɓawon. Da na ba taubashina labari ya ce shi ke nan, in na shiga in ɗauka likitocin awaki ne, shi ma haka yake yi da 'yan sandan hanya. Daga nan darasi ya miƙe. Har na fara jin daɗin ƙorafi, abin da nake neman gafararsa har yau, don na kai matsayin da in na fara ba na son a katse ni.

Duk wannan abin surukina, mahaifin matata, ba ya gari. Tun kafin in karye ya tafi wajen Damazin inda yake noman riɗi, kuma matata ba ta aika masa da komai ba ban da cewa na ɗan bugu. Dattijo ne mai hawasha biyu da rawani babba, wanda ya ba ni 'yarsa alhali ba ni da komai sai ƙarfi. Tun ranar da aka ɗaura aure ban taɓa tsayawa a miƙe a gabansa ba. Ban taɓa cin abinci ko shan ruwa yana gani ba. In na hango shi a kan gaɓar tur'a, wato magudanar da ke kai ruwa gonaki, tun daga nesa nake tuɓe takalmi in durƙusa, ko da ƙaya ce a wurin, in zauna a haka har ya gama tambayar gida da gajiya ya wuce. Ba wanda ya koya mini, haka na ga ana yi, haka ƙafafuna suka saba.

Ranar komsiyon taubashina ya kai ni da raksha har ƙofar asibitin Madani, inda suke zama. Ustaza ta sa shi ya zauna a bakin ɗakin, ta ce kada ya bar kowa ya shigo. Ciki akwai likitoci uku a bayan tebur, babbansu mai furfura a tsakiya, sai wakilin kamfani a gefe da jakarsa a cinya. Aka ɗora ni a kan gadon dubawa, na naɗe wando har cinya. Na dube su ɗaya bayan ɗaya, na tuna akuya, na buɗe baki. Wallahi ban taɓa magana mai kyau irin ta ranar ba. Na faɗi na sanyin asuba, na faɗi na salla, na faɗi na bayan gida. Ƙaramin likita ya kama ƙafar ya lanƙwasa kaɗan, na ce nan ne iyakarta, kuma nan ɗin ne. Ina hango ustaza tana gyaɗa kai kamar uwar da ɗanta ya sauke karatu.

Sai na ji sandar da na sani tana buga siminti a waje.

Abin da ya faru, daga baya na ji, surukina ya dawo daga Damazin ana gobe komsiyon, da dare, ya tarar da labari a bakin masallaci cewa gobe za a tsayar da mijin 'yarsa gaban hukuma a Madani shi da kamfani. Bai tsaya tambayar matata ba. A saninsa talaka ba ya zuwa gaban hukuma sai in ya yi laifi, kuma in yaro ya yi laifi babba ne ke zuwa ya ba da haƙuri. Ya yi asubanci ya hau mota, ya bi asibitin ɗaki ɗaki. Taubashina da aka sa gadi, da ya ga rawanin, shi ma tuɓe takalmi ya yi ya durƙusa, ya kuma nuna masa ƙofar da hannu biyu.

Ban san lokacin da na sauko daga gadon ba. Na tuna dai na ja wando na rufe cinya, na shure takalmi ɗaya da ya rage a ƙafata, sai ga ni a ƙasa a durƙushe, gwiwar da likita ya ce kada ta wuce zaman kujera ta naɗe har dunduniya ta taɓa mazaunai. Na ji wani abu ya ce ƙas a ciki. Ɗakin ya yi fari, sannan ya dawo.

Muka gaisa kamar yadda muka saba. Ya tambayi gida, ya tambayi tsohuwa, ya tambayi yara ɗaya ɗaya, na tambayi hanya da riɗi da mutanen Damazin. Sannan ya ce, "Ƙahwar hwa?"

"Ta warke, Baba."

Likitocin ba sa jin Hausa, amma ustaza iyakar Hausarta ke nan, na ga ta rufe fuska da gefen tob. Wakilin kamfani kuwa ba ya buƙatar fassara. Ya miƙe ya ce a rubuta cewa mutumin da ya ce ba ya iya zaman bayan gida ga shi a tsugune kamar mai shuka albasa.

Surukina ya juya wajen tebur ya fara ba da haƙuri da Larabcinsa na dattawa. Ya ce wannan yaro da suke gani ba mai neman fitina ba ne. Ya ce tun da ya san ni ban taɓa ciwon kai ba, ina ɗaukar buhu biyu in haura gaɓar tur'a da gudu, kuma ko yanzu aka kawo buhu zan ɗauka su gani. Ya ce in wani ya zuga ni na yi wa kamfani rashin kunya, shi ya zo a madadina, a yafe, gobe da safe zan koma aiki. Duk abin da ya faɗa wakilin kamfani yana rubutawa yana cewa Allah Ya saka wa hajj da alheri.

Babban likita ya ce to, in tashi in koma kan gado a ƙarasa. Na yunƙura, ƙafar ba ta san ni ba. Na sake yunƙurawa, gumi ya keto mini har yana ɗiga daga haɓa. Surukina ya ce in tashi mana, manya na magana. Na ce nan ma ya yi, Baba. Aka kawo masa kujera ya zauna, ya ce shi ba ya fita sai da ni, ba zai koma ya ce wa 'yarsa ya bar mijinta hannun hukuma ba. Ni kuma ba zan iya cewa na kasa tashi yana zaune ba. Likita ya tambaye ni ko wani abu na damu na, na ce Alhamdu lillahi. A waje masu jira sun fara leƙe, akwai mai hannu a naɗe da mai ido ɗaya, kowa yana son ya ga abin da ya tsayar da layi.

Ustaza ce ta zo ta tsaya kusa da kujerarsa, ta rusuna, ta haɗa duk Hausar kakarta wuri ɗaya. Ta ce, "Kaka, ba laifi. Shi ya kawo ƙara. Ƙafa ta mutu. Yara, tuwo babu." Sauran ta ƙarasa da Larabci a hankali, cewa waɗannan mutane abin da suka ji daga bakina shi za su rubuta, kuma in suka rubuta abin da na faɗa tun shigowarsa, 'yarsa da jikokinsa ne za su kwana da yunwa.

Tsohon ya sunkuyo ya dube ni, karo na farko a zamanmu da ya dubi fuskata sosai, ni kuma ina kallon siminti inda gumina ya taru. Ya daɗe a haka. Sannan ya dogara sanda ya miƙe, ya taka zuwa kusurwar ɗakin inda aka rataye hoton ƙasusuwan mutum, ya juya mana baya, ya warware gefen rawani ya naɗe kunnuwansa da shi.

"Ni na hita," in ji shi, yana fuskantar bango. "Ba ni nan. Hwaɗa musu."

Ihun da na yi, taubashina ya ce har masu shayi a bakin titi sun ajiye kofuna. Bayan ihun kuma na faɗi abin da aka tambaye ni da wanda ba a tambaye ni ba. Na zagi ƙunshin auduga, na zagi igiya da wanda ya saka ta, na zagi lemon rayis, bawan Allah da bai yi mini komai ba sai alheri. Da Larabci na fara, da ya ƙare na koma Hausa, ustaza ta ce ta gane wasu kalmomin daga bakin kakarta. Duk tsawon wannan surukina yana tsaye da ƙwarangwal suna kallon juna, bai motsa ba. Taubashina da wani ma'aikacin asibiti suka ɗauke ni yadda nake, a naɗe kamar tukunya, suka ɗora a gado, sai da aka yi mini allura kafin ƙafar ta yarda ta miƙe. Hoton da aka ɗauka ya nuna ƙarfen ya goce, sai an sake tsagawa.

Shari'ar ta ja watanni, kuma duk a kan tambaya ɗaya ta tsaya. Kamfani ya ce ya yarda audugarsa ta fasa gwiwa, amma ba shi ya ce in gaida kowa ba, ɓarnar gaisuwa ba tasa ba ce. Ustaza ta ce gwiwar da ba za ta iya gaida suruki ba tare da ta karye ba, ai ba gwiwa ba ce, kuma audugarsu ce ta mayar da ita haka. Wakilin kamfani ya nemi a kira hajj ya ba da shaida a kan maganar buhu biyu. Ustaza ta ce a kira shi, amma kamfani ya fara tanadin gado a asibiti da kuɗin tsaga ta uku, don ba ta da ikon hana ni durƙusawa. Suka janye.

A ƙarshe komsiyon ya raba gwiwar biyu. Suka rubuta kaso mafi yawa na kamfani ne, saura nawa. Abin da aka biya bai kai yadda ustaza ta nema ba, ta yi fushi kwana da kwanaki, ta ce da tsohon ya makara da rabin awa da na sayi raksha. Da ta cire nata, abin da ya rage ya isa jaki da karo na hannu, wato amalanke mai taya biyu. Jakin tsoho ne kuma ba ya son hawa gadar tur'a, sai an sauka an ja shi, ni kuma ba na iya sauka da sauri, don haka nakan jira wani ya zo wucewa. Da shi nake kwasar tumatir da albasa daga hawashoyi zuwa kasuwar Hajj Abdalla, ƙafar dama a miƙe a kan buhuna, masu kaya su loda su sauke da kansu. A kakar farko na sayi dawar da ta kai mu har damina.